Na Sa Hannu Don Otis Ya Tashi

Duluth, 9 ga Oktoba

Zuwa ga aminiyata Loretta,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kina lafiya, gwiwar nan ta sassauta miki, zafin Tucson kuma bai gama gasa ki ba. Yaya 'yarki Paulette da maigidanta da jikokinki? Tunda kunnuwanki sun shiga yajin aiki, duk wayar da na buga ni ihu ke kuma "me kika ce?", na sayo takarda da kan sarki mu koma irin na da.

Ki zauna kafin ki karanta wannan. Na sayi kare.

Yi dariyarki mai isarki. Ni ce dai Verna ɗin da muka yi shekara ashirin da tara a kicin ɗin makaranta muna yi wa matan da ke sa wa karnuka riga tsiya. Amma ki saurare ni. Tun da aka binne maigidana Gordon a watan Maris gidan nan ya mutu da shiru. Akwai satin da na ƙirga, kwana huɗu cur ban furta ko kalma ɗaya ba. A na biyar na je kanti, yarinyar kantin ta tambaye ni ko ina son leda, na buɗe baki murya ta ƙi fita. Na koma mota na sha kukana, sannan na tuƙo na dawo gida.

A allon sanarwar coci na ga tallan. Wata tsohuwa ce a Wisconsin mai kiwon karnukan nan masu dogon baya da gajerun ƙafafu, ta gaji, tana sayar da ragowar. Da na je, jariran dala dubu biyu-biyu, ko kallon su ban yi ba. Sai ga wani ja ɗan shekara huɗu a ƙarƙashin tebur yana hararata. Matar ta ce shi ne uban su duka, yanzu ya yi ritaya. Na ce ashe ɗan'uwana ne. Dala ɗari bakwai na biya, sunansa Otis.

Kada ki tambaye ni inda na samu kuɗin, zan faɗa da kaina. Na sayar da kwalekwalen kamun kifin Gordon, dubu uku da ɗari biyu. Na ɗauka ɗari bakwai ɗin nan shi ne kuɗin kare. Ashe kuɗin shiga ne kawai. Allurai, fiɗiya, 'yar ƙwayar shaida da ake sa musu a ƙarƙashin fata, lasisin gari, keji, ga gado mai laushi wanda bai taɓa kwana a kai ba don ya ƙwace kujerar Gordon. Kafin sati uku rabin kuɗin kwalekwalen ya tafi. Da na gaya wa ɗana Curtis cewa ya yi, "Mama, da me za ki ciyar da shi?" Na ce da abin da na ciyar da kai.

Likitan dabbobin, Dakta Halvorsen, yaro ne sa'an Curtis, mai haƙuri. Ranar farko ya tambaye ni ko na lura da wani abu game da Otis. Kin san bakina, balle bakin da ya yi wata shida a rufe. Na zazzage masa komai, abin da yake ci, yadda yake minshari, har ranar da ya diro daga kujera ya yi ƙara ya wuni a takure. Yana ta bugawa a kwamfuta, ni kuwa daɗi nake ji na samu mai sauraro. Ya laluba bayan ya ce ba komai, in dai riƙa hana shi tsalle. A wajen biya aka ba ni takardar inshorar lafiyar dabbobi. Na jira fanshona ya shigo, bayan kwana tara na yi rajista, dala arba'in da shida duk wata. Yanzu hankalina kwance, duk abin da ya same shi akwai mai biya.

Ki rubuto, ki tsokane ni yadda kika ga dama.

Taki har kullum,
Verna

Duluth, 17 ga Fabrairu

Loretta ƙawata,

Bayan gaisuwa, ina fatan wasiƙar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya ke da mutanen gidan. Na ga hoton da kika aiko kina zaune a rana da hular ciyawa. Mu nan ƙanƙara ta kai tagar kicin, sai ki ji daɗinki.

E, na saya masa rigar. Kin ci. Cikinsa yana jan ƙasa, in muka fita sai ya dawo yana karkarwa, na rasa yadda zan yi. Ja ce mai layi-layi, kuma wallahi ta yi masa kyau.

Labarin da ba daɗi shi ne haƙora. A watan jiya bakinsa ya fara wari, ya daina tauna abinci. Tsohuwar nan ashe ba ta taɓa kula da bakinsa ba. An cire masa bakwai, dala dubu ɗaya da ɗari da hamsin. Na buga wa masu inshora da ƙarfin gwiwata, suka ce haƙori ba ya cikin tsarin da na zaɓa. Abin da ya rage na kwalekwalen yanzu bai kai ɗari biyar ba. Na yanke tashoshin talabijin, na rage ɗumin gida, ina yawo a falo da rigar sanyin Gordon biyu. Buhun abincin da likita ya rubuta masa ya fi cefanena na sati tsada, ni kuma miyar gwangwani da burodi sun ishe ni.

Na haɗa masa gangare da ragowar katakon Gordon don ya daina tsalle daga kujera. Kwana biyu na yi ina bugun ƙusa, ya fito a karkace. Otis ya shinshina shi, ya kalle ni, ya yi tsalle ta gefensa. Taurin kai kamar mai kujerar.

Amma Loretta, yanzu ina magana. Daga safe zuwa yamma bakina ba ya hutawa. Ina gaya masa farashin ƙwai, ina yi masa gulmar 'yan kwamitin coci, shi kuma ya karkace kai yana ji. A titi mutanen da muka yi shekara goma ba mu gaisa ba suna tsayawa su tambayi sunansa. Mai kawo wasiƙu ya sa masa suna sarkin haushi. Wani lokaci in yana barci a cinyata sai tsoro ya kama ni, in ce wannan ɗan abu shi ke riƙe da ni, ni kuma abin da nake riƙe shi da shi bai taka kara ya karya ba. Sai in tuna da inshorar, in sauke ajiyar zuciya.

Ki gaishe da Paulette. Ki riƙa shan ruwa.

Taki,
Verna

Minneapolis, 20 ga Mayu

Loretta,

Ina gaishe ki, ina fatan kina lafiya. Ki yafe mini rubutun nan, a kan sitiyari nake yin sa, a filin ajiye motoci na asibitin dabbobi. Na san ba zai iso ki ba sai an gama komai. Ba ni da wanda zan gaya wa ne.

Jiya da hantsi mai kawo wasiƙu ya zo. Otis ya diro daga kujera, ba ta gangaren ba, ya yi wata ƙara da ban taɓa ji ba. Da na fito daga kicin na tarar yana jan ƙafafun baya a ƙasa, yana waiwayen su kamar ba nasa ba. Dakta Halvorsen ya matse yatsunsa da ɗan ƙarfe, da ƙyar ya ji. Ya ce abin da ke tsakanin ƙasusuwan baya ne ya fashe ya danne laka. In ba a yi aiki cikin kwana biyu ba, ba zai sake tafiya ba, ko fitsari ba zai iya da kansa ba. Shi ba ya irin wannan aiki, sai ƙwararru a nan. Awa biyu da rabi na yi ina tuƙi, hannuna ɗaya a cikin kejin.

A nan suka miƙo mini takarda. Dala dubu tara da ɗari huɗu, rabi kafin a taɓa shi. Ko gezau ban yi ba. Na ce ina da inshora, har da ɗan ɗaga kai.

Na buga wa masu inshorar, yarinyar da ta ɗauki wayar muryarta mai daɗi ce. Ta ce in ɗan jira. Da ta dawo sai ta karanto mini maganata, Loretta, maganar bakina. "Mai shi ta ce ya diro daga kujera ya yi ƙara, ya wuni a takure." Ashe tun lokacin rajista suka karɓi fayil ɗinsa. Tunda an rubuta wannan kwana tara kafin in shiga tsarinsu, wai ciwon baya tsohon ciwo ne, ba sa biya. Na ce, "'Yar nan, likitan da kansa ya ce ba komai." Ta ce, "Na fahimce ki, Misis Lundgren." Na ce wata takwas nake biyan ku. Ta ce ta fahimce ni. Sau shida ta fahimce ni, sannan ta yi mini fatan wuni lafiya.

Da na yi rajista kafin in kai shi likita, da sun biya. Da na kama bakina ranar nan, da sun biya. Ba wanda ya matsa mini, daɗin samun mai sauraro ne ya kwashe ni.

Na buga ko'ina. Masu katin bashin asibiti sun duba fanshona suka ce dubu ɗaya da ɗari biyu. Curtis an rage masa awannin aiki, matarsa ga cikin tagwaye, ya ce zai iya ɗari shida, har na yi nadamar kiran sa. Motar nan ko na samu mai saye yau ba za ta wuce dubu ɗaya da rabi ba. Gida kin san na haya ne. Na haɗa, na sake haɗawa, ko rabin da suke so a fara da shi bai kai ba.

Likitar nan ta zaunar da ni ta faɗa mini hanyoyi uku. In tafi da shi gida da maganin ciwo, in zuba ido. Ko a yi masa allurar da ba a tashi, dala ɗari biyu da sittin. Ko kuma in sa hannu in sallama shi ga wata ƙungiya mai ceton irin waɗannan karnuka. Su za su biya komai, amma daga ranar ba nawa ba ne. Ba za a dawo mini da shi ba, ba za a gaya mini inda ya tafi ba.

Na yi waya da shugabarsu, Marcy. Na ce ku biya mana, in riƙa biyan ku kaɗan-kaɗan har in mutu. Ta ce, "Baiwar Allah, da muna mayarwa, kowa sai ya kawo mana nasa mu biya masa. Masu ba mu kuɗi ba don haka suke bayarwa ba." Ba muguwa ba ce, har kuka ta taya ni. Abin da ya fi kashe ni ke nan. Kin san ni da faɗa, na yi da shugaban makaranta, na yi da mai gidan haya. Yau kowa kirki yake yi mini, na rasa wanda zan kama.

Sun ba ni zuwa ƙarfe takwas na safiyar gobe. Ki yi mini addu'a ko da ta zo a makare.

Verna

Duluth, 31 ga Mayu

Aminiyata Loretta,

Gaisuwa da godiya. Ina fatan kina lafiya, kuma ki daina kukan da Paulette ta rubuto a ƙasan wasiƙarki cewa kina yi.

Na sa hannu. Shafi uku ne, biron a ɗaure da zare a jikin allo. Sun bar ni na shiga na gan shi minti goma. Yana kwance an sa masa ruwa a ƙafar gaba. Da ya gan ni ya so ya kaɗa wutsiya, na ga yana ƙoƙari, wutsiyar ba ta amsa ba. Sai ya lashi hannuna. Na cire rigar Gordon da ke jikina na shimfiɗa masa, na fito. Kejin da babu kowa a ciki yana ta ƙara a kujerar baya har Duluth.

An yi aikin a ranar. Ba su suka gaya mini ba, don yanzu ba ni da hurumin tambaya. Curtis ne ya gano shafin ƙungiyar a intanet inda suke tara kuɗin. Ga hotonsa nan, an aske bayan, ɗinki tun daga kafaɗa, kansa a kan rigar Gordon. Sun canja masa suna, wai Rusty. A ƙasa an rubuta cewa mai shi ta bar shi a asibiti don ba za ta iya biya ba. Ba ƙarya suka yi ba. Wani mutum ya rubuta, "In ba ki da kuɗi me ya kai ki ɗaukar kare?" Mutum ɗari biyu da sha biyu suka nuna sun yarda da shi. Na zauna na rubuta masa amsa doguwa, da kwalekwale, da haƙora, da miyar gwangwani. Na karanta, na goge. Bakin nan ya ja mini abin da ya isa.

Cek ɗinki na dala ɗari huɗu ya iso ranar Juma'a. Na san daga kuɗin na'urar kunnenki kika cire, kada ki musa. Na kuma san in na mayar miki za ki yage shi don haushi. Saboda haka na tura su can shafin, na ɗora ashirin da biyar nawa, ban sa suna ba. Nan take saƙo ya shigo, irin wanda ake aika wa kowa, wai Rusty yana godiya.

Jiya sun rubuta cewa ya motsa yatsan ƙafar hagu. Na yi murna, Loretta, Allah ya sani na yi murna. Na juya in gaya wa wani, sai kujera.

Taki,
Verna

Duluth, 3 ga Satumba

Loretta 'yar'uwata,

Ina gaishe ki da kyau, ina fatan jikin da sauƙi, yara kuma sun koma makaranta lafiya. Ki yi haƙuri da shirun da na yi. Wasiƙunki uku suna nan a kan firji.

Yana tafiya. Sun sa ɗan bidiyo a watan jiya, yana tangaɗi a kan ciyawa, ƙafafun baya suna harɗewa, amma da kansa. Wutsiyar ma tana kaɗawa. Na kalla ya fi sau ɗari. Sai suka sanar cewa ya isa a nema masa gida, dala ɗari huɗu da hamsin ga wanda aka zaɓa.

Na bi shawararki ta in neme shi da wani suna, uwar dabara. Na je laburare na buga fom ɗinsu. Na rubuta sunana na gidanmu, Verna Aho, na sa adireshin Curtis. Ba ki sani ba, duk bazarar nan ban soke inshorar ba, ina ta biya wa karen da ba nawa ba, wai ko zai dawo. Kuɗin karɓar sa ma na tara, na sayar da injin ɗinkina.

Tambaya ta goma sha ɗaya ta ce, kin taɓa sallama dabba ga wata ƙungiya? Na rubuta a'a. Shekara sittin da takwas, ashe na iya ƙarya, da na sani da tun a ofishin Dakta Halvorsen na fara.

Sai ta goma sha biyu. Ta ce irin wannan ciwo yakan dawo, in ya dawo ta yaya za ki biya aikin? Sun bar layi uku na amsa.

Awa ɗaya na yi a kan layukan nan har mai laburaren ta zo ta tambaye ni ko lafiya. Zan iya rubuta cewa ina da ajiya. Marcy ba za ta gane ba. Amma ranar da mai kawo wasiƙu zai ƙwanƙwasa, Otis ya diro ta gefen gangaren, ba Marcy ce za ta ja ƙafafu a ƙasa ba. Kuma a karo na biyu ba ƙungiyar da za ta karɓe shi daga hannuna, sai allurar ɗari biyu da sittin. Na juya abin ta kowace fuska, ban ga ta inda zan fita ba. Na ninke fom ɗin na sa a jaka, yana nan har yanzu.

Satin da ya wuce suka sa hoton mutanen da suka ɗauke shi. Mata da miji ne matasa, an yanke fuskokinsu, hannuwa kawai ake gani. Wai gidansu ba bene, kuma matar ma'aikaciyar jinya ce. Ya yi ƙiba kaɗan. Da ni ce Marcy, su zan zaɓa, kuma wannan ma ciwo ne.

Daga ƙarshe dai na soke inshorar. Yarinyar ta tambayi dalili, ya mutu ne ko an bayar? Na ce an bayar. Gangaren yana nan a jikin kujera, kullum sai na yi tuntuɓe da shi, na kasa cirewa.

Ranar Asabar mai kawo wasiƙu ya dawo daga dogon hutun jinya, ya leƙo ya ce, "Misis Lundgren, ina sarkin haushi ne? Na ji gidan tsit." Na ce masa ya warke. Ya ce kai, madalla, ya wuce. Yau Laraba, kuma kalmomin nan biyu su ne na ƙarshe da na furta. Na fara ƙirgen kwanaki kamar da.

Ki rubuto da wuri, Loretta, ko labarin gwiwarki ne, ki cika shafi. In ta iso zan tsaya a tsakiyar falo in karanta ta da ƙarfi, in ji ko muryar tana nan.

Allah ya bar mu tare.

Taki da ba ta da wata,
Verna